Yadda za ka haɗa ɗan aike na AI ka riƙa samun na cefane, ko a ƙauye kake

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni shagon caji da POS gare ni a wani ƙauye tsakanin Ringim da Gujungu, difloma na yi a kwamfuta na dawo gida na zauna, kuma yau wajen shekara guda kenan ina haɗa wa 'yan kasuwar yankinmu abin nan da ake kira ejan na AI suna biyana. Ba kuɗin gina gida ba ne, tun yanzu in faɗa maka, amma yana ɗauke min cefane da data da man mashin, wani watan har a samu ragi. Samari suna yawan zuwa shago su tsaya a kaina suna tambayar yaya ake yi, toh ga shi zan zayyana iya abin da na sani, wanda ya ga zai iya sai ya ce bismillah.

Da farko mu gane mene ne abin. ChatGPT da Meta AI ɗin da ke cikin WhatsApp ɗinka, kai ne za ka yi tambaya su ba ka amsa, shikenan magana ta ƙare, kamar ka je gaban malami ka yi tambaya ka taso. Shi kuwa ejan, ni ɗan aike nake ce masa, kamar yaron shago ne da ka damƙa wa littafi da biro da waya ka ce in saƙo ya shigo ka karanta, ka duba littafi, ka rubuta abin da ya kamata, ka mayar da amsa. Yana da ƙwaƙwalwa wadda ake kira modal, wato manhajar AI ɗin da ke fahimtar magana ta tsara amsa, yana da hannu wato hanyar da zai taɓa Telegram (manhajar hira irin WhatsApp) ko WhatsApp ko Google Sheets (littafin lissafi mai layuka na Google a intanet), sannan akwai umarnin da kai ka rubuta masa.

Abin da ya sa irinmu za mu iya shiga harkar shi ne da yawa daga kayan haɗin a buɗe suke, masu su sun sake su kowa ya sauke kyauta ya yi aiki da su. Meta ta saki Llama 2 a 2023 ta biyo da Llama 3 a 2024, Alibaba na ƙasar Sin suna da Qwen, Google suna da Gemma, akwai Mistral daga Faransa, ga DeepSeek da ta yi tashe a farkon 2025. Waɗannan su ne ƙwaƙwalen. Ollama kuma wata 'yar manhaja ce da ke ba ka damar kunna su a kan laftop ɗinka ko babu intanet. A ɓangaren haɗa hannu da ƙwaƙwalwa akwai n8n wadda wani Bajamushe Jan Oberhauser ya fara a 2019, akwai Flowise da Langflow, duk ukun nan jan akwati kake yi ka haɗa da wani akwatin da zare, ba sai ka iya rubuta kod ba. Wanda ya iya Python sai ya leƙa LangChain ko CrewAI. Ni n8n na riƙe kuma a kanta zan yi bayani.

Kar ka fara da kwamfuta, ka fara da kasuwa

Wannan shi ne inda kusan duk wanda na koya wa yake yin kuskure. Zai kwana uku yana kallon bidiyo, ya haɗa wani bot, wato manhajar da ke amsa saƙo da kanta, mai amsa kowace irin tambaya, sannan ya fito yana neman wanda zai saya. Babu mai saya. Alhajin da ke sayar da taki bai damu da AI ba, ko sunan bai son ji, abin da ke hana shi barci shi ne littafin bashinsa. Saboda haka kafin ka taɓa laftop ka ɗauki sati biyu kana zama wajen masu sana'a kana kallo, ranar Lahadi ka shiga Gujungu, ranar Alhamis in da hali ka leƙa Maigatari, 'yan Kano ku je Wudil ranar Juma'a ko Dawanau ko Kwanar Gafan lokacin tumatir, abin da kake nema shi ne aikin da mutum yake maimaitawa kullum yana tsaki.

Ni kwastomana na farko wani Alhaji ne mai sayar da yuriya da kamfa da maganin feshi, manoma suna ɗauka bashi da damina su biya da kaka, littattafansa uku kuma yaransa biyu kowa da irin rubutunsa, in manomi ya zo biya sai an yi rabin awa ana buɗe shafi ana gardama. Da na ga haka ban ce masa ina da AI ba, cewa na yi Alhaji in ka yarda zan yi maka abin da za ka rubuta sunan mutum a waya nan take ta gaya maka nawa ake binsa da ranar da ya ɗauka. Ya ce in gani a ƙasa.

Irin wannan ciwon kai yana da yawa in ka buɗe ido. Matan da ke sayar da atamfa da turaren wuta da kayan kicin daga cikin gida ta status, a rana sai a tambaye su "nawa ne" sau ba adadi alhali suna girki ko suna fama da yara, ciniki ya wuce su saboda ba su amsa da wuri ba. Su ta hannun ƙanwarka ko matarka za ka bi, ita za ta shiga ta nuna. Makarantun kuɗi da islamiyyu masu fama da lissafin wanda ya biya kuɗin zango da wanda bai biya ba, da rubuta sakamakon jarrabawa. Ƙungiyoyin manoman shinkafa irin na Auyo da Kura da masu adashe. Dillalan riɗi da zoɓo da ke son yaransu na kasuwanni daban-daban su riƙa turo farashi a tara musu waje ɗaya da yamma. Ka zaɓi ɗaya tak, wanda ka fi sanin mutanensa.

Kayan aiki

Laftop na hannu ya isa, amma ram ɗinsa kar ya gaza gigabait 8, in ka samu 16 ya fi. A Kano ana samu a Beirut Road, ka tafi da wanda ya sani kuma ka gwada batir a gabansu. Wuta kuwa kowa ya san halin da muke ciki, ni solar shagon caji ce take riƙe ni.

Hanya biyu ce. Ta farko ka sa komai a laftop ɗinka, ka sauke Ollama, ka jawo modal kamar Llama 3.1 mai biliyan 8 (8B ake rubutawa, awon girman modal ne), nauyinsa wajen gigabait biyar ne saboda haka ka bari sai dare ka yi da datar dare, ko ka kwafa wajen wanda ya riga ya sauke. Wannan hanyar ta koyo ce, ba ka biyan kowa ko kwabo, amma yana da jinkiri wajen amsa kuma da zarar ka rufe laftop ɗan aiken ya mutu. Kwastoma ba zai yarda da abin da ke mutuwa duk lokacin da ka tafi masallaci ba. Ta biyu ita ce ta sana'a: ka kama hayar ƙaramar saba, wato kwamfutar wani kamfani da ke kunne dare da rana a intanet, wajen irin su Hetzner ko Contabo ko DigitalOcean, ƙananan nasu daga dala biyar zuwa goma ne a wata, ka ɗora n8n a kai ta Docker, wata manhaja mai sauƙaƙa ɗora manhajoji a saba, ita kuma ƙwaƙwalwar ka ɗauko ta daga kamfanonin da ke kunna buɗaɗɗun modal suna caji gwargwadon abin da ka yi amfani da shi, kamar Groq ko OpenRouter. Saba ɗaya za ta ɗauki ƙananan ayyukan kwastoma da dama. Matsalar da za ka fara cin karo da ita biyan dala ne, wani katin banki ya wuce wani ya ƙi, don haka ka warware wannan tun kafin ka yi wa kowa alkawari.

Mu haɗa na littafin bashi

Ka fara da Telegram ko da kwastomanka bai saba da ita ba, saboda kyauta ce kuma ba ta da wahala, sa masa ita a waya minti biyar ne. Ka nemi BotFather a cikin Telegram, shi ne mai buɗe wa mutane sabon bot, ka tura masa /newbot, ya tambaye ka suna ka ba shi, zai ba ka wani dogon makulli na haruffa da lambobi, ka adana shi kamar yadda kake adana lambar sirrin katinka. Sai ka buɗe Google Sheets ka yi shafi mai layuka: kwanan wata, suna, laƙabi, ƙauye, kaya, adadi, kuɗi, abin da ya biya. Shafi na biyu kuma ka sa fomula ta tara wa kowane mutum jimillar abin da ake binsa.

A cikin n8n, in a laftop ne za ta buɗe a burauza a localhost:5678, ka jawo akwatin Telegram Trigger ka sa makullin nan, ka haɗa shi da akwatin AI Agent, a ƙarƙashinsa ka maƙala modal ɗin da ka zaɓa, ka maƙala masa Google Sheets sau biyu, ɗaya na karantawa ɗaya na ƙara layi, ka sa masa memori don ya riƙa tuna maganar da aka yi yanzu, a ƙarshe wani akwatin Telegram na mayar da amsa. Abu ɗaya da zai ɗaure maka kai: Telegram tana buƙatar adireshin intanet mai https da za ta riƙa turo saƙo, laftop ɗinka ba shi da shi, sai ka bi ta ngrok ko Cloudflare Tunnel waɗanda za su ba laftop ɗin irin wannan adireshin, a saba kuwa sai ka sayi ɗan sunan domen mai arha, wato sunan adireshin intanet, ka ɗaura. Ka kuma sa sharaɗi a farko cewa lambar Telegram ɗin Alhaji da ta yaransa kaɗai za a saurara, in ba haka ba duk wanda ya gano sunan bot ɗin zai iya tambayar bashin mutane.

Umarnin shi ne rabin aikin, kuma a nan ake gane wanda ya zauna a kasuwa. Nawa kusan haka yake: kai magatakardan shagon taki ne, aikinka biyu ne kawai, rubuta bashi ko biya, da faɗin abin da ake bin mutum. Kada ka rubuta komai sai ka maimaita wa mai shago abin da ka fahimta ya ce eh. Kada ka yi lissafi da kanka, ka karanto jimilla daga shafi na biyu. In suna ya zo ɗaya da na wani ka tambayi laƙabi da ƙauye. In aka tambaye ka abin da ba wannan ba ka ce ba aikinka ba ne.

Kowace jimla a cikin nan akwai dalilinta. Maganar lissafi, waɗannan modal ɗin hasashen kalma suke yi, ba kalkuleta ba ne, za su iya tara maka lambobi goma su yi kuskure kuma su faɗa maka da cikakken ƙarfin gwiwa, shi ya sa ake barin Sheets ta yi tarawa. Maganar suna kuwa a jikina na koya. Satin farko ɗan aiken ya ɗora buhu biyu a kan wani bawan Allah alhali takwaransa na wani ƙauye ne ya ɗauka, mutumin ya zo biya aka faɗa masa kuɗin da bai san da su ba, ransa ya ɓaci sosai kuma yana da gaskiya, Allah ya taimaka littafin takarda yana nan aka duba aka ba shi haƙuri. Tun daga ranar ba na haɗa wa kowa abin da zai rubuta ba tare da ya maimaita an ce eh ba, kuma ina roƙon kowane kwastoma ya ci gaba da littafinsa na takarda aƙalla wata guda ana gwada su biyun.

Sai Hausar kasuwa, wadda babu modal ɗin da ya san ta yadda ya kamata. In yaron shago ya rubuta jaka biyar, mu nan naira dubu yake nufi don jaka ɗari biyu ce, amma mutumin da ya tsallako daga Nijar ya zo Maigatari in ya ce jaka yana nufin sefa dubu. In aka ce dubu goma ba ɗari biyar ana nufin 9,500, modal zai iya ɗauka 10,500 ne ko ya rubuta 10,000 ya watsar da sauran. Ga tiya ga kwano ga solo ga buhu, ga kamfa da sufa. Duk sai ka zauna ka rubuta masa su a cikin umarni ɗaya bayan ɗaya da misalai, ka kuma ƙara da yadda mutane ke rubutu ba ƙugiya, bashi da ba shi duk a haɗe. Wannan wahalar ita ce jarinka, don wani gwani da ke zaune a Legas ko Indiya ya fi ka iya kwamfuta amma bai san jaka ba. Kuma ka gwada modal uku ko huɗu da saƙonni iri ɗaya kamar guda talatin da ka kwafo daga bakin mutane, ƙananan modal da yawa Hausarsu ba ta da kyau, manyan sun fi, ka zaɓi mafi arha cikin waɗanda suka ci jarrabawarka. Ka sani kuma Hausa ta fi Turanci cin tokin, wato awon da ake cajinka da shi, saboda haka umarnin kar ya zama littafi.

Saƙon murya shi ne babban abin da kowa zai tambaye ka, don yawancin mutanenmu boyis suke turawa. Whisper, modal mai mayar da murya rubutu da kamfanin OpenAI mai ChatGPT ya saki a buɗe a 2022, akwai Hausa a jerin harsunanta amma tana tafka kuskure sosai, musamman in akwai hayaniyar kasuwa ko ƙarar injin niƙa. Meta ma tana da irinta mai suna MMS tun 2023 mai ɗauke da harsuna sama da dubu har da Hausa, sannan a 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da wani modal mai suna N-ATLaS da aka yi domin Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancinmu na Najeriya. Ka gwada su da muryoyin gaske da ka naɗa a bakin shago. Ni har yanzu a harkar kuɗi rubutu nake sa a yi, yaron shago ya rubuta, murya kuma sai a abin da kuskure ba zai jawo rigima ba.

In an zo WhatsApp

Mai sayar da atamfa ba za ka ce kwastomominta su koma Telegram ba, dole WhatsApp. A nan ka yi hattara. Akwai hanyar da Meta ta amince da ita, WhatsApp Cloud API, sai ka yi rijista ta shafinsu na 'yan kasuwa, n8n tana da akwatinta, kuma in kwastoma ne ya fara turo saƙo kana da awa 24 da za ka riƙa ba shi amsa, in kai ne za ka fara tura talla akwai caji kuma sai da tsarin saƙon da suka amince da shi. Akwai kuma hanyoyin bayan gida da ake sikanin lamba kamar WhatsApp Web, sun fi sauƙi amma ana rufe layi a kansu. Ka yi tunanin matar da ta shekara biyar tana tara kwastomomi a layi ɗaya a wayi gari an rufe shi saboda kai. Ko wace hanya za ka bi ka sayi sabon layi na daban domin ɗan aiken, kar ka taɓa babban layin mutum.

Shi wannan ɗan aiken aikinsa ya faɗi farashi daga shafin kaya, ya ce akwai ko ya ƙare, ya karɓi oda da adireshi, shikenan. Ragi ba nasa ba ne, in aka fara "haba Hajiya a rage mana" ya ce bari Hajiya ta zo, ya tura mata sanarwa. Kuma kar ya taɓa cewa kuɗi sun shigo don an turo hoton rasit, rasit na bogi ya yi yawa, mu masu POS mun sani, ita za ta duba alat a Opay ko Moniepoint ɗinta da idonta. Ka sa ya gaya wa mutane tun a gaisuwar farko cewa shi na'ura ne mai taimaka wa Hajiya, yaudara ce a bar mutum yana zaton da mutum yake magana.

Kuɗi

Ka zauna da biro ka lissafa abin da ke fita duk wata: hayar saba, kuɗin tokin, domen, data, man zuwa wajen kwastoma. Ka raba a kan adadin kwastomomin da kake da su yanzu, ba waɗanda kake fata ba, sannan ka ɗora ladan lokacinka. Ni kashi biyu nake karɓa, kuɗin haɗawa sau ɗaya, wanda ya haɗa da kwafe tsohon littafi zuwa Sheets don wannan aiki ne mai cin kwanaki, sai kuɗin kulawa. Sati biyun farko kyauta nake bari a gwada amma ina faɗin farashi tun ranar farko, in ka ji kunya ka ce "ai ba komai Alhaji sai abin da ka bayar" toh ka zama yaron gida, ba za ka ƙara iya buɗe baki ba. Na kuma lura mutanenmu ba sa son jin kalmar duk wata, amma in ka ce duk ranar kasuwa zan zo in duba in karɓi kaza, ya fi musu sauƙi don ranar akwai kuɗi a hannu. Ka faɗa musu kuma cewa kayan da dala ake biya, in ta motsa za a zauna a sake magana bayan wata uku.

Wani abu game da lasisi da mutane ba sa karantawa. n8n a buɗe take amma da sharaɗi, an yarda ka yi aikinka da ita ka kuma haɗa wa wasu ka karɓi ladan aikinka, abin da ba a yarda ba shi ne ka ɗora ta a sabarka ka riƙa sayar wa mutane damar shiga su yi amfani da ita kamar taka ce. In harkarka ta girma ka karanta lasisin da kyau ko ka koma irin su Langflow mai lasisin MIT wanda ba shi da wannan takurar. In ka fara aiki da makarantu za su nemi rasit da asusun banki mai sunan kasuwanci, lokacin sai ka yi rijistar suna a CAC, hukumar rijistar kamfanoni.

Amana

Littafin bashi asirin mutane ne. A ƙauye in aka ji ana bin wane kuɗin taki tun bara, magana ce da za ta iya shiga har maganar auren 'yarsa. Kai da ka ga shafin nan bakinka ya mutu, ko a majalisa ko a gida. Akwai ma dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023, amma tun kafin doka mu addini ya riga ya gaya mana. Kowane kwastoma ka buɗe masa Sheets a imel ɗinsa, ba naka ba, kada ka karɓi BVN ko NIN ko lambar sirrin kowa, kuma kada ka haɗa ɗan aike da asusun banki ta yadda zai iya tura kuɗi ko da Alhaji ne ya roƙe ka.

Alhajin nan mai taki ya taɓa cewa in sa abin ya riƙa tura wa masu bashi saƙon tuni da kansa. Na ce masa Alhaji a cikin mutanen nan akwai surukinka akwai limamin garinsu akwai wanda aka yi wa rasuwa satin jiya, na'ura ba ta san wannan ba. Abin da muka yi shi ne duk ranar Asabar ya kawo masa jerin sunaye da saƙon da ya tsara cikin ladabi, shi ya zaɓi wanda za a tura wa, wanda kuma ya ga ya fi kyau ya taka da ƙafa ya je.

Akwai ayyukan da nake ƙi ko nawa za a ba ni. Mai kemis ya nemi in yi masa wanda zai riƙa faɗa wa mutane maganin da za su sha, na ce a'a, na lissafin kaya da ranar lalacewar magani dai zan yi. Fatawa a'a. Awon maganin feshi ma a'a, duk wanda ya ga abin da tsutsar sharon ta yi wa tumatir a Kadawa da Kura a 2016 ya san manomi in ya ruɗe komai aka ce masa zai zuba, in na'ura ta ƙirƙiro awo gona ta ƙone ko mutum ya shaƙa ya kwanta, kai za a nema kuma kai ke da alhaki. Wannan na malaman gona ne.

Wajen koyo kuma kar ka sayar da akuyarka ka biya masu tallan kwas da ke cewa za ka yi miliyan a wata. Shafin n8n yana da ɗaruruwan misalai da aka riga aka haɗa kyauta, ka sauke ka buɗe cikinsu ka ga yadda aka yi, YouTube cike yake, ga shirin koyar da fasahar kwamfuta na 3MTT na gwamnatin tarayya da aka fara a 2023 in an buɗe ka nema. Turanci daidai na karatu dole ne, don saƙon kuskure da shi yake fitowa, amma kana iya kwafa ka liƙa wa ChatGPT ka ce ya yi maka bayani da Hausa.

Talla ba na yi. Alhajin mai taki ne da kansa wata ranar Lahadi ya ciro waya a gaban abokansa ya rubuta suna amsa ta fito, kafin la'asar mutum biyu sun aiko a kira ni. Abin da ke riƙe kwastoma shi ne in abu ya tsaya ka ɗaga waya. Zai tsaya kuwa, da damina sabis yana ɗaukewa, hadari ya rufe rana batir ya yi ƙasa, wani lokacin kuɗin tokin ya ƙare ba ka lura ba, wani lokacin Google ta nemi a sake ba da izini. Ka haɗa wani ɗan ƙaramin aiki a n8n da Error Trigger wanda zai turo maka saƙo da zarar wani abu ya faɗi, don ka riga kwastoma sani. Duk ranar Juma'a ka sauke kwafin shafukan kowa ka ajiye a filash, na masu bashi kuma ka buga musu a takarda sau ɗaya a wata su sa a durowa.

In za ka shiga harkar masu taki ka shirya tun watan Afrilu kafin ruwa ya sauka a fara ɗaukar bashi, na dillalan riɗi da zoɓo kuma tun Satumba kafin kaka, makarantu sati biyu kafin a dawo daga hutu. Ranar da wani ya ce ya gaji ba ya so kuma, kar ka riƙe masa komai don ka tilasta shi, shafin dama a imel ɗinsa yake, ka cire hannunka daga ciki a gabansa, ka goge makullin bot ɗin a BotFather, ka share kwafin da ke filash ɗinka, ka buga masa na ƙarshe a takarda ka miƙa masa.